Daga Takarda Da Biro Zuwa Kasuwar Dawanau: Yadda Na Koyi Gina Manhaja

Sana'ata ita ce rubuta manhajar kwamfuta, kuma da ita nake riƙe da iyalina tun bayan da na kammala hidimar ƙasa. Abin da ya sa na ga dacewar in rubuta labarin yadda na shigo wannan hanya shi ne tambayar da matasa suke yawan yi mini, wato wane yaren kwamfuta ne ya kamata su koya domin su samu aiki da wuri. Nakan ba su amsa gwargwadon hali, amma a raina na san cewa abin da ya tsayar da ni da ƙafafuna ba wani yare guda ba ne. Abu biyu ne suka tsayar da ni: iya tsara tunani har ya zama umarnin da na'ura za ta bi ba tare da kuskure ba, da kuma iya tsara rumbun bayanai yadda zai dace da ainihin yadda mutane suke gudanar da aikinsu.

An haife ni a cikin birnin Kano. Mahaifina malamin firamare ne, kawuna kuma, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Ina sakandare wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, ba a daɗe ba kuma shagunan intanet suka fara yawaita a unguwanni, inda mutum zai sayi awa ɗaya ya zauna gaban kwamfuta. A irin waɗannan shaguna na fara taɓa na'urar, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne manhajar da mai shagon yake ƙirga lokaci da ita, wadda take rufe allon da kanta da zarar kuɗinka ya ƙare. Na tambayi mai shagon ko wane ne yake zaune yana lura da mu, sai ya ce babu kowa, wani ne ya rubuta mata abin da za ta yi tun kafin a sayo ta. Wannan amsa ce ta sa na cike kimiyyar kwamfuta a takardar neman shiga jami'a.

A shekarar farko da yaren Pascal aka fara mana, wanda Niklaus Wirth ya ƙirƙira a 1970 musamman domin koyarwa. Ɗalibai sun fi kwamfutocin yawa nesa ba kusa ba, saboda haka mafi yawan aikinmu a takarda muke yin sa. Mutum zai rubuta umarni da biro, sannan ya zana jadawali a gefe, ya bi layi bayan layi yana rubuta yadda kowace ƙima take canzawa, har ya kai ƙarshe ya ga ko amsar ta fita daidai. A lokacin muna ganin wannan a matsayin rashi, amma yau idan manhaja ta ƙi aiki a hannuna, wannan horon ne nake komawa gare shi, domin shi ya koya mini karanta umarni kamar yadda na'ura take karanta shi, ba kamar yadda nake fata ya kasance ba. A nan na san ma'ajiyar ƙima, da sharaɗi, da maimaici, da yadda ake raba babban aiki zuwa ƙananan ayyuka masu suna. A nan kuma na fara ganin cewa dabarar da aka bi ta fi ƙarfin na'ura muhimmanci: idan kana neman suna ɗaya a cikin jerin suna miliyan ɗaya da aka riga aka tsara bisa haruffa, bin su ɗaya bayan ɗaya zai iya kai ka ga dubawa sau miliyan, alhali idan kana raba jerin biyu kowane lokaci kana watsar da rabin da ba ya ciki, dubawa kusan 20 ta ishe ka.

Daga baya aka shigar da mu tsarin rubuta manhaja mai dogaro da abubuwa, da yaren Java. Tsarin ya girmi Java sosai. A ƙasar Norway aka fara shi, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da yaren Simula 67, daga nan Alan Kay da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi da Smalltalk a cibiyar binciken kamfanin Xerox a shekarun 1970, Bjarne Stroustrup ya shigo da shi cikin C++, sannan kamfanin Sun Microsystems ya fitar da Java a 1995. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne, maimakon a ajiye bayanai a gefe guda, umarnin da ke sarrafa su a wani gefen, sai a haɗa su wuri ɗaya a cikin abu guda wanda ya san halinsa kuma ya san aikinsa. Ana fara rubuta aji, daga ajin kuma a riƙa fitar da abubuwa, kamar dai akwatin buga bulo da bulullukan da ake fitarwa daga cikinsa, siffarsu ɗaya amma kowane yana zaman kansa. Mun haddace ginshiƙan tsarin, da killacewa (rufe bayanan abu a cikinsa) da gado (wani aji ya gaji halayen wani) da sauran su, muka kuma ci jarrabawa. Sai dai misalan da ake ba mu na kare da kyanwa da mota ba sa nuna dalilin da ya sa mutum zai wahalar da kansa da wannan tsari, domin babu wanda zai yi asarar ko kobo idan aka tsara ajin kyanwa ba daidai ba.

Dalilin ya fara bayyana mini a lokacin horon aiki na SIWES, wanda na yi a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhaja ga makarantu da shagunan magani. Babban injiniyan wurin dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma a ranar da aka ba ni aikin rajistar ɗalibai na jawo kujera zan fara bugawa, sai ya ɗora hannu a kan allon. Ya ce: "Yaro, tun ran gini ran zane. Ɗauko takarda ka zana mini jadawalanka, ka nuna mini inda kowane bayani zai zauna, sannan mu yi maganar bugu." Na ce: "To, Injiniya, ai jadawali ɗaya ya isa, sunan ɗalibi da ajinsa da sunan mahaifinsa da lambar wayarsa." Sai ya tambaye ni abin da zai faru idan mutum yana da 'ya'ya bakwai a makarantar kuma ya canza lambar waya. Amsar a fili take: sai an gyara wuri bakwai, kuma ranar da aka gyara shida aka manta ɗaya, rumbun yana riƙe da gaskiya biyu masu karo da juna, babu kuma wanda zai iya cewa wacce ce sahihiya.

Daga bakinsa na ji sunan Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM da ya gabatar da tsarin rumbun bayanai mai alaƙa a 1970, da kuma ƙa'idar da har yau nake aiki da ita, cewa kowane bayani wuri ɗaya tak ya kamata ya zauna. Iyaye suna da jadawalinsu, ɗalibai suna da nasu, kowane layi yana da babban mabuɗin da ba ya maimaituwa, sannan jadawalin ɗalibai ya ɗauki mabuɗin mahaifi ya ajiye domin ya nuna alaƙa. Ya zaunar da ni na rubuta tambayoyin SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, da hannuna har umarnin JOIN mai haɗa jadawalai ya daina ba ni tsoro, ya nuna mini yadda fihirisa take gaggauta bincike da kuma yadda take rage saurin shigar da sabon bayani idan aka yawaita ta babu dalili. Allah ya yi masa rasuwa shekaru kaɗan bayan haka, kuma ba na buɗe sabon aiki ban yi masa addu'ar rahama ba.

Bayan hidimar ƙasa, ina cikin neman aiki, kawuna ya aiko a kira ni. Kasuwancinsa ya faɗaɗa daga gero da dawa da masara da wake zuwa riɗi da zoɓo, waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje, kuma littattafan shagon sun fi ƙarfin malamin da ke rubuta su. Ya ce: "Ɗana, an ce ka karanta kwamfuta. Ina son in san wanda nake bi da wanda yake bi na ba tare da an kwana ana buɗe littattafai ba." Na ce: "Kawu, zan yi, amma ina roƙon ka bar ni in zauna a shago tukuna in ga yadda ake ciniki." Ya amince, na kuma zauna tare da su tun daga farkon kaka har aka shiga rani, ina kallo, ina tambaya, ina rubutawa. Wannan zama shi ne makarantar da ta fi kowace amfani gare ni.

Abu na farko da kasuwa ta koya mini shi ne suna ba ya zama mabuɗi. A littafin kawuna akwai Alhaji Sani fiye da ɗaya, mutum guda kuma yana iya zama da sunan da ake kiransa a kasuwa, da sunan garinsu da ake laƙaba masa, da wani sunan daban a takardun banki. Lambar waya ma ba abin dogaro ba ce, domin ana canza ta, wani kuma da wayar yaronsa yake kira. Saboda haka kowane mutum na ba shi lambar da manhaja ce kaɗai take samar da ita, sunaye da laƙabobi da lambobin waya kuma suka koma jadawalai na daban da ke rataye da wannan lamba. Abu na biyu shi ne awo. Ana ciniki da buhu, ana yi da kwano, masu fitar da kaya waje kuma da kilo da tan suke magana, sannan nauyin buhun riɗi ba ɗaya yake da na masara ba. Dole ta sa na rubuta aji na musamman ga awo, wanda yake riƙe da adadi tare da ma'auninsa, kuma yake ƙin haɗa buhu da kilo sai an faɗa masa yadda za a juya ɗaya zuwa ɗaya a wannan kayan. Haka na yi wa kuɗi, domin fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa Dawanau, wani lokaci kuma lissafi yakan shigo da sefa, don haka ajin kuɗi yana ɗauke da adadi da nau'in kuɗin tare, ba ya yarda a tara naira da sefa kai tsaye.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun gado. A tsarin da littattafai suka saba nunawa, sai a yi aji na mutum, sannan mai saye da mai sayarwa da dillali kowane ya gaji wannan aji. A takarda abin yana da kyau, amma a Dawanau mutumin da ya sayar wa kawuna wake da safe shi ne zai dawo da la'asar ya sayi gero, gobe kuma ya tsaya a tsakiya a matsayin dillali ya karɓi la'ada. Da na bi hanyar gado, da mutum ɗaya ya rabu uku a cikin rumbun, bashinsa ma ya rabu uku. Sai na bar mutum a matsayin mutum kawai, na mayar da saye da sayarwa da dillanci matsayi da yake ɗauka a cikin kowane ciniki. A ra'ayina wannan shi ne darasin da ya fi kowane tsada a tsarin mai dogaro da abubuwa, wato sanin lokacin da gado bai dace ba, domin sabon ɗalibi yana ɗokin amfani da shi ko'ina. Wurin da gado ya dace da gaske shi ne hanyoyin biyan kuɗi. Na rubuta aji ɗaya na biya, tsabar kuɗi da biya ta banki da biya da kaya suka fito daga gare shi, kowane yana da yadda yake tabbatar da kansa, amma sauran manhajar ba ta damu da wane ne a gabanta ba, umarni ɗaya take ba su duka.

Killacewa kuwa a wajen bashi na ga amfaninta. Ragowar bashin mutum ba ƙima ba ce da wani zai iya buɗewa ya goge ya rubuta wata. Na rufe ta a cikin ajin, hanyar da take canzawa kawai ita ce a shigar da sabon ciniki ko sabon biya, kowane da ranarsa da sunan wanda ya shigar. Ko kuskure aka yi ba a gogewa, sai dai a shigar da wani layin da zai warware na farko, duka biyun kuma su zauna a gani. Da na yi wa kawuna wannan bayani sai ya gyara zama ya ce ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma duk abin da zai hana a taɓa rubutun bayan an yi shi, shi yana maraba da shi. Daga ranar ya daina kallon aikin a matsayin wasan yaran zamani.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba a ganin su a allo amma su ne suke riƙe da amanar dukiyar mutane. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu lambobi masu ɗigo daidai wa daida, ta yadda idan ka tara 0.1 da 0.2 da nau'in lambar da aka saba, amsar ba ta fita 0.3 cif, kuma irin wannan ɗan bambanci yakan taru idan ciniki ya yi yawa. Saboda haka da kobo nake ajiye kowane kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba, sai lokacin nunawa a raba da 100. Haka kuma ciniki ɗaya yana taɓa jadawalai da yawa: kaya su ragu a sito, bashin mai saye ya ƙaru, a rubuta la'adar dillali da kuɗin 'yan dako. A inda wuta take iya ɗaukewa kowane lokaci, idan aka rubuta biyu aka bar biyu, lissafi ya lalace. Rumbun bayanai yana da hanyar ɗaure su a hada-hada guda, ko dai duka su shiga da umarnin COMMIT, ko kuma babu wanda zai shiga. Sannan ga haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda tsofaffin saitunan MySQL, manhajar rumbun da nake amfani da ita, suke mayarwa alamar tambaya idan ba a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 ba tun wajen ƙirƙirar rumbun, abin da ya ragu sosai bayan fitowar MySQL 8.0 a 2018.

Haɗa ajujuwan Java da jadawalan MySQL da hannu na fara yin sa ta JDBC, hanyar da Java take magana da rumbun bayanai, ina rubuta kowace tambaya da kaina, kuma ban taɓa manna abin da mai amfani ya buga kai tsaye cikin tambayar SQL ba, domin ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet suke cusa nasu umarnin. Daga baya na koma Hibernate, wadda take ɗauke wa mutum mafi yawan wannan wahala. Tana da amfani ƙwarai, amma wanda bai san SQL ba ba zai gane lokacin da ta aika tambaya ɗari biyar domin nuna jerin mutum ɗari biyar ba, alhali tambaya ɗaya mai kyau ta isa. Tarihin kowane gyara ina ajiye shi a Git, lissafin la'ada da na bashi kuma na rubuta musu gwaje-gwaje da JUnit waɗanda nake sake kunnawa bayan kowane canji, sannan kowace yamma ana ɗaukar kwafin rumbun a ajiye a wani wuri daban da shagon.

An jarraba wannan gini a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Cikin 'yan makonni ciniki ya koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS, har a hannun dattawan da ba su taɓa yarda da hakan ba. Sabuwar matsala ta taso, domin mai saye zai nuna an cire kuɗi daga asusunsa alhali ba su iso ba, wani lokaci kuma yaran shago biyu su shigar da biya ɗaya sau biyu. Abin da na yi shi ne ƙara sabon aji a ƙarƙashin ajin biya, mai matsayi uku, ana jira, ya tabbata, ko ya dawo, sannan na ɗora wa lambar shaidar turawa ƙa'idar cewa ba ta maimaituwa a rumbun. Ban taɓa ajin ciniki ko na bashi ko na sito ba, kuma shagon bai rufe ko na yini ɗaya ba saboda gyaran. A watan Yunin wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ƙara tunatar da ni cewa lambobin waya da basussukan da ke cikin rumbun sirrin mutane ne, saboda haka na raba wa ma'aikata izini, kowa yana ganin iya abin da ya shafi aikinsa.

Yanzu ina da matasa da suke koyon aiki a hannuna, wasu daga jami'a, wasu daga shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Mafi yawansu suna zuwa da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta musu umarni cikin daƙiƙu, ni ma ina amfani da su kuma ba na hana kowa. Sai dai waɗannan manhajoji ba su zauna a Dawanau ba, kuma idan ka ce su tsara maka rumbun shagon hatsi, za su iya raba mai saye da mai sayarwa gida biyu, wanda bai san tushe ba kuma zai karɓa da murna. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina da takarda da biro yake farawa, sannan SQL, sannan ajujuwa, kuma kafin ya rubuta wa kowa manhaja sai ya je ya zauna a wurin aikin mutumin ya dawo mini da zanen jadawalansa.

Aikin da muke kai a yanzu shi ne manhajar wayar Android ga yaran kawuna da suke fita sayen kaya a kasuwannin ƙauye, inda sau da yawa babu sabis. Kowace waya za ta riƙe ƙaramin rumbu na SQLite, ta rubuta ciniki a can, sannan ta haɗe da babban rumbun idan an dawo inda intanet take. Wannan ya tilasta mana sauya yadda ake samar da mabuɗai, domin idan wayoyi biyu suna ƙirga lamba ɗaya, biyu, uku kowace a gefenta, za su yi karo ranar haɗewa, don haka muka koma dogayen lambobin UUID da kowace waya take iya samarwa da kanta. Abin da ya rage mana shi ne yanke hukunci a kan wanda maganarsa za ta tsaya idan mutum biyu suka gyara farashin kaya ɗaya a wurare daban-daban, kuma na riga na shaida wa kawuna cewa wannan hukunci nasa ne, za mu zauna da shi da malamin shagon bayan sallar Juma'a ya faɗa mana yadda aka saba yi, sannan mu rubuta shi a cikin manhajar.